Gidajen motsa jiki iri-iri ne: wanne ya dace a zuba wa jari?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidajen motsa jiki, wato jim, ta fuskar kasuwanci. Ni da wani abokina muna tunanin haɗa jari mu buɗe guda, amma da muka fara bincike sai muka tarar abin da ake kira da suna ɗaya ya kasu gida-gida: akwai manya masu arha da ke ɗaukar dubban mutane, akwai ƙanana da ke koyar da abu guda tak a aji, akwai na mata zalla, akwai na masu ɗaga ƙarfe, akwai kuma na alfarma masu wurin ninkaya. Abokina yana ganin bambancin duk na kayan aiki ne, idan an sayi injuna masu kyau an gama, ni kuwa hankalina bai kwanta da hakan ba. Mene ne ainihin abin da ya raba su, kuma wanne ya fi sauƙin riƙewa ga wanda bai taɓa yi ba?

Usaini Akanta:
Wa'alaikumus salam, Malam Habibu. Kana da hujjar rashin kwanciyar hankali. Na daɗe ina duba littattafan kuɗi na irin waɗannan wurare, kuma abin da na fahimta shi ne injin gudu iri ɗaya ne a ko'ina. Abin da ke raba su shi ne inda ribar mai gida take fitowa: daga zuwan mamba ne, ko daga zamansa a gida?

Ɗauki manyan nan masu arha. Kamfanin Planet Fitness, wanda aka kafa a jihar New Hampshire ta Amurka a 1992, ya rufe shekarar 2024 da mambobi kusan miliyan 20 a rassa sama da 2,700. Idan ka raba, kowane reshe yana da mutum fiye da 7,000 a rajista, alhali zauren ba ya ɗaukar sama da 'yan ɗaruruwa a lokaci guda. Da dukkansu za su zo a rana ɗaya, da wurin ya gagari kowa. A kan haka aka gina tsarin: a sauke kuɗin wata har mutum ya ga bai kai ya ɓata lokacinsa wajen soke rajista ba, a riƙa cirewa kai tsaye daga asusunsa na banki, a rage ma'aikata iya ragewa, a kuma bar duk wani abu mai cin kuɗi kamar wurin ninkaya. McFit da ya fara a Jamus a 1997, da PureGym na Birtaniya da Smart Fit na Brazil waɗanda suka fara a 2009, duk wannan hanyar suka bi.

Kuma halin ɗan Adam yana taimaka musu. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun wallafa bincike a 2006 kan mambobi sama da 7,700 a gidajen motsa jiki uku a Amurka, suka gano masu biyan kuɗin wata suna zuwa sau huɗu da ɗoriya ne kawai a wata, ta yadda kowace zuwa take tsaya musu da ƙarin kusan kashi 70 cikin 100 a kan abin da za su biya da tikitin zuwa goma suka saya. Mutum yana biyan kuɗin niyyarsa ne, kuma niyya ta fi aiki yawa. Sai dai ka sani, wannan tsari na masu babban jari ne, domin yana buƙatar fili mai faɗi, injuna masu yawa tun ranar farko, da kuɗin da zai riƙe ka har rajista ta kai dubbai.

Koci Nura:
Malam Usaini ya bayyana rabi, bari in kawo ɗaya rabin, tunda a cikinsa nake ci nake sha. Ƙananan wuraren da ke koyar da abu guda a aji, kamar tuƙa keken da ke tsaye wuri ɗaya, ko dambe, ko Pilates da yoga (salon miƙa jiki da ƙarfafa shi a hankali), lissafinsu kishiyar wancan ne. Ajin yana da gurbi ƙayyadadde, a ce mutum ashirin, an kuma biya koci, an kunna fitila da na'urar sanyaya ɗaki, ko mutum uku suka zo ko ashirin. Gurbin da ba a cike ba kamar kujerar motar haya ce da ta tashi babu fasinja, ba a sake sayar da ita. Saboda haka mu zuwan mutum ne abincinmu. SoulCycle da ya fara a New York a 2006, da Orangetheory da ya fara a Florida a 2010, sun nuna cewa mutane za su iya biyan kuɗin aji ɗaya da ya zarce kuɗin wata guda a gidajen arha, matuƙar sun ji ana kula da su.

Abin da muke sayarwa shi ne koci da kuma abokan aji. A ajin asuba, kafin a fara na san wanda gwiwarsa ke ciwo, sai in canza masa motsi ba tare da na kira sunansa a gaban mutane ba. Na san wanda bai zo ba sau biyu a jere, kuma kafin yamma zan aika masa saƙo. Wannan saƙon shi ne rabin kasuwancin. Amfanin wannan hanya ga mai farawa shi ne fili kaɗan ya ishe ta, kayan aiki kuma ba su da yawa. Hatsarinta, kuma zan faɗa ko da yake ni koci ne, shi ne cewa ɗalibai kocin suke bi, ba allon da ke ƙofa ba. Ranar da ya samu saɓani da mai gida ya koma wani wuri, rabin ajin zai bi shi. Idan ku biyu babu mai iya horarwa a cikinku, ku yi tunani sosai a kan yadda za ku ɗaure ƙwararren koci da kaso a cikin riba, ba da albashi kaɗai ba.

Hajiya Rabi:
Malam Habibu, ka ambaci na mata zalla a cikin jerinka, kuma ina so in tsaya a kansa, domin maza sukan ɗauka cewa jim ne kamar kowanne, sai dai an hana maza shiga. Na yi shekaru ina gudanar da irinsa, kuma na lura da abin da mace take fara kallo idan ta shigo neman bayani. Ba ta tambayar sunan kamfanin da ya ƙera injuna. Tana tsayawa a bakin ƙofa ta dubi taga, ko na waje yana hango na ciki. Ta dubi inda kyamarar tsaro take fuskanta. Ta leƙa ɗakin canza kaya ta ga ko ƙofarsa na rufuwa. Sannan ta tambaya wane ne ke zuwa gyaran injuna, kuma da wane lokaci. Idan waɗannan sun gamsar da ita, sauran magana mai sauƙi ce. Sirri da natsuwa muke sayarwa, kuma da yawa daga cikin masu zuwa ba daga wani jim muka ƙwace su ba, mata ne da ba su taɓa shiga ko ɗaya ba.

Amma akwai darasi a tarihin kamfanin Curves. Gary Heavin da matarsa Diane suka buɗe shi a Texas a 1992 da tsari mai sauƙi ƙwarai: injuna kaɗan a jere cikin da'ira, kowace mace ta zagaya su cikin minti 30 ta tafi. Saboda ƙaramin shago ma ya isa, sai rassa suka yi ta yaɗuwa har suka kai kusan 10,000 a tsakiyar shekarun 2000. Daga nan sai dubbai suka rufe, musamman a Amurka, domin rassan sun yi wa juna yawa, matsin tattalin arzikin 2008 ya zo, ga kuma gidajen arha masu buɗewa dare da rana sun shigo da kaya fiye da nasu. A ganina akwai wani dalilin kuma: mace da ta yi wata shida tana zagaya injuna iri ɗaya, jikinta ya saba, tana son abin da ya fi haka, idan ba ta samu ba sai ta tafi. Katanga ita ke shigo da ita, amma ba ita ke zaunar da ita ba. Lokutan aji ma su dace da mai kai yara makaranta da mai tashi daga aiki, idan kuma da hali a ware ɗan ɗaki da mai kula da yara, wannan kaɗai yana iya cika wurin.

Injiniya Bala:
Ni gyaran injunan nake yi, don haka bari in ɗan kare abokin Malam Habibu, domin bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Kayan aiki ba su ne ke raba nau'o'in ba, amma su ne ke tantance nawa za ka riƙa kashewa bayan an buɗe. Injin gudu yana da motar lantarki mai juya shi, da bel ɗin da ake takawa, da katakon da bel ɗin ke gogawa a kai, da allon lantarki, kuma gumi da ƙura abokan gabarsu ne duka. Idan aka bar bel ya bushe babu mai, sai motar ta riƙa jan wuta fiye da ƙima har ta ƙona allon. Wanda aka ƙera don amfanin gida kuwa, idan ka saka shi inda mutum talatin za su hau a rana, ba zai ga ƙarshen shekara ba. Araha ba ta ado. Kuma babu abin da ke korar mamba kamar takardar "ya lalace" da ta kwana mako uku a manne a jikin inji.

Ƙarfe kuma ba ya lalacewa. Sanda da faifan nauyi da benci za su yi shekara ashirin ana amfani da su, na hannu ma daidai suke da sababbi. Shi ya sa gidajen masu ɗaga ƙarfe suka fi sauƙin buɗewa. Joe Gold da ya buɗe Gold's Gym a Venice ta California a 1965, da hannunsa ya haɗa yawancin kayansa, kuma a nan shahararren mai gina jiki Arnold Schwarzenegger ya yi atisaye har sunan wurin ya zagaya duniya. Matsalar wannan nau'i ita ce masu zuwa kullum suke zuwa, suna daɗewa, adadinsu kuma ba shi da yawa, sannan kamanninsu da ƙarar ƙarfe na tsorata sabon shiga. Ku kuma lura da gini: kada ku kama bene don masu jefar da nauyi sai injiniyan gini ya duba, kuma ku san cewa iska da sanyaya ɗaki za su ci kuɗi fiye da yadda kuke zato.

Malam Habibu:
Na gode ƙwarai, kowa ya buɗe mini ido ta wani ɓangare. Tunda mu sababbi ne, ba zai fi mana ba mu sayi izinin amfani da sunan wani babban kamfani, su ba mu tsari, mu bi kawai?

Usaini Akanta:
Zai iya fi, amma ka san me kake saya. A irin wannan yarjejeniya kana biyan kuɗin shiga, sannan kowane wata ka biya kamfanin wani kaso ko wani adadi tsayayye, ka kuma zuba a asusun talla, kuma galibi daga wurin da suka amince kaɗai za ka sayi injuna, su ne kuma za su ce maka lokacin sauya su ya yi. Idan kason daga cinikin da ka yi ake cirewa, to ko ka faɗi a wannan watan sai ka biya. Abin da kake samu shi ne suna da mutane suka sani, manhajar rajista da karɓar kuɗi, da taimako wajen zaɓen wuri. Anytime Fitness, wanda ya fara a Minnesota a 2002, ya haura rassa 5,000 ta wannan hanya, da ƙananan wurare da mamba ke buɗe ƙofarsu da ɗan makullin lantarki a kowane lokaci, ko babu ma'aikaci.

CrossFit, kamfanin wani salon atisaye mai tsanani da ake yi a aji, wanda Greg Glassman ya kafa a 2000, hanyarsa daban ce. Kana samun takardar shaidar horarwa, ka biya kuɗin shekara don amfani da sunan, sauran duk naka ne: farashi, tsarin atisaye, fentin bango. 'Yanci ne mai yawa, amma ba a keɓe maka yanki ba, wani yana iya buɗe nasa a titi na gaba. Kuma sunan da ka ara ba ya hannunka. A 2020, bayan wasu kalaman Glassman da suka jawo fushi, gidaje da dama sun sanar da cire sunan, shi kuma ya sayar da kamfanin a wannan shekarar. Ka kuma dubi F45, kamfanin ajujuwan motsa jiki na Ostireliya, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021 da alkawarin buɗe rassa masu yawan gaske, a 2022 shugabansa ya sauka aka sallami ma'aikata, a 2023 kuma ya fice daga kasuwar. Uwar kamfani tana samun kuɗi idan an buɗe sabon reshe, kai kuwa sai reshenka ya cika. Kafin ka sa hannu, ka nemi waɗanda suka rufe nasu ka ji ta bakinsu, kada ka tsaya ga waɗanda kamfanin ya haɗa ka da su.

Malama Zainab:
Ni ba 'yar kasuwa ba ce, mamba ce, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bayanin Malam Usaini na farko. Yaya za a ce sana'a ta ginu a kan fatan kada mai biya ya zo? Na taɓa shiga wani wuri da rajista ta ɗauki minti biyar a waya, amma da na tashi fita sai aka ce sai na zo da kaina, a ranar aiki, na cike takarda, na kuma biya wata guda na sanarwa. Ban sake komawa ba, kuma duk wadda ta tambaye ni sai na hana ta. Hukumomi ma sun lura da wannan: a 2011 babbar kotu a Ingila ta yanke cewa wasu sharuɗɗan da kamfanin Ashbourne ke rubuta wa gidajen motsa jiki, masu ɗaure mutum tsawon lokaci, ba su da adalci. Malam Habibu, idan za ka shiga, don Allah kada ka shiga ta wannan ƙofar.

Usaini Akanta:
Malama Zainab, ina tare da ke a kan wahalar da mutum wajen fita, wannan zalunci ne, kuma ko ta fuskar lissafi ba dabara ba ce. Bally Total Fitness, wanda ya yi suna wajen dogayen yarjejeniyoyi da ƙorafin mambobi, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2007, ya sake nema a 2008. Amma ki raba wannan da tsarin arha shi kansa. Da yawa daga cikin gidajen arha na yanzu, irin su PureGym, da rashin doguwar yarjejeniya ma suka yi talla. Kuma waɗanda ba sa zuwa su ne ke sauke wa masu zuwa farashi, har ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci suka samu shiga wurin da a da sai mai hali. Idan an faɗa wa mutum gaskiya, an kuma bar masa ƙofar fita a buɗe, zaman da ya yi a gida zaɓinsa ne.

Koci Nura:
A nan ba mu haɗu ba, Malam Usaini. Mutumin da ya yi rajista a watan Janairu ya daina zuwa a Maris ba zaɓa ya yi ba, rasa mai nuna masa hanya ya yi. Ya shigo ya ga injuna hamsin, babu wanda ya ce masa ga inda za ka fara, ya hau injin gudu minti goma yana kallon ƙwararru ta madubi, ya ji kunya ya tafi. Wurin ya san haka zai faru, kuma bai ɗauki ko mutum ɗaya don hana shi faruwa ba. Ban ce haramun ba ne, amma ba zan kira shi sana'ar lafiya ba.

Alhaji Garba:
Yarana, kun yi magana mai ma'ana, amma ban ji wanda ya ambaci mai gidan haya ba, alhali shi ne abokin tarayyar da ba ya asara. Gine-gine nake bayarwa haya, kuma na ga masu wannan sana'a sun shiga sun fita. Shekarar 2020 ta nuna komai a fili: da annobar korona ta sa aka rufe wurare, Gold's Gym ya nemi kariyar kotu a watan Mayu, 24 Hour Fitness ya bi a watan Yuni, daga baya kamfanin Jamus mai McFit ya saye Gold's Gym. Ciniki ya tsaya cak, haya da bashin injuna ba su tsaya ba.

Nau'in da na ga ya fi wahala shi ne na tsakiya, wanda bai kai na arha sauƙi ba, bai kuma kai na alfarma kyau ba. Na alfarma irin Equinox, da ya fara a New York a 1991, suna sayar da tsafta, da sarari, da irin mutanen da za ka haɗu da su, kuma kaso mai tsoka na kuɗinsu daga horarwa ta mutum ɗaya-ɗaya da tausa da sauran hidimomi yake fitowa. Wannan ba wurin koyon sana'a ba ne, domin mai biyan kuɗi da yawa tawul ɗaya mai datti ya ishe shi tafiya. A ɗaya gefen akwai waɗanda ba riba suke nema ba, kamar ƙungiyar YMCA da aka kafa a Landan a 1844, da wuraren wasanni na hukumomi da jami'o'i, waɗanda ba za ka iya karya farashinsu ba. Malam Habibu, kafin ku zaɓi nau'i, ku zagaya yankin da kuke so ku ga wanne ne babu, domin yawancin mutane ba sa yin doguwar tafiya don motsa jiki, komai kyan wurin.

Hajiya Rabi:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, tunda kai ne mai bayar da hayar, me ya kamata su nema a rubuta a takardar?

Alhaji Garba:
Hajiya, kin sa ni faɗin abin da zai rage mini ciniki, amma zan faɗa. Su nemi watannin farko kyauta ko da rangwame, tunda gyaran wuri da shimfiɗa roba da jan waya za su ci lokaci kafin mamba ɗaya ya shigo. Su sa a rubuta cewa mai gini ba zai ba wani mai irin sana'arsu haya a cikin ginin ba, a rubuta lokutan da aka yarda su buɗe da batun hayaniya, a kuma fayyace wanda zai biya idan daɓe ya tsage ko bututun ruwa ya fashe. Su nemi damar fita bayan wani lokaci idan abin bai karɓu ba, ko damar miƙa hayar ga wani. Sannan su yi ƙoƙari kamfaninsu ne zai sa hannu, ba su da kansu ba, kuma su yi inshora kafin ranar buɗewa, domin ranar da faifan nauyi ya faɗo wa wani a ƙafa, takardar da ya sa wa hannu a bakin ƙofa ba lallai ta kare su ba.